Waiwaye: An Taɓa Sallamar Dattawa Don Matasa Su Samu Aiki

Duk lokacin da wata ƙasa ta taɓa shekarun ritaya, sai tsohuwar gardama ta taso. An gani a Faransa a 2023 da aka amince da ɗaga su daga 62 zuwa 64, haka ma a ƙasar Sin da ta fara ɗaga nata sannu a hankali tun Janairun 2025. Hujjar masu son a tilasta wa dattawa ajiye aiki mai sauƙin shiga kunne ce: kujera ɗaya ce, in na zaune bai tashi ba, na tsaye ba zai zauna ba.

Asali ba don matasa aka ƙirƙiro fansho ba. Jamus ta kafa nata a 1889, sai mai shekara 70 ke karɓa, aka sauko zuwa 65 a 1916, Amurka ma ta ɗauki 65 a 1935. Babbar manufar ita ce kada tsufa ya zo wa ma'aikaci da talauci.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, an riga an gwada shawarar sallamar dattawa don matasa su samu aiki, kuma ba da wasa ba. Bayan tashin farashin mai na 1973, masana'antu suka yi ta rufewa a Turai, matasa suka rasa aikin yi. Sai gwamnatoci suka shiga biyan dattawa kuɗi don su sauka da wuri. A Birtaniya, daga 1977 zuwa 1988, wanda ya kusa shekarun fansho yana iya barin aiki a riƙa ba shi alawus, da sharaɗin mai kamfani ya ɗauki wani marar aiki. Beljiyam ta sa irin wannan sharaɗi, Denmak ta kawo nata tsarin a 1979, Faransa kuwa ta sauke shekarun ritaya zuwa 60 a 1982.

Dattawa sun tafi, amma layin matasa bai ragu yadda aka yi alkawari ba. Masana tattalin arziki Jonathan Gruber da David Wise sun jagoranci nazari kan ƙasashe 12, aka fitar a 2010. Ba su ga alamar cewa fitar tsofaffi ta ƙara wa matasa aiki ba. Hasali ma, inda dattawa suka fi zama a bakin aiki, can ne matasa ma suka fi samu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ciniki ya ja masa baya, in tsohon makanikinsa ya tafi, sau da yawa raba aikin yake yi wa waɗanda suka rage, ko ya sayo na'ura. Wanda ya koma gida kuɗin shigarsa ya ragu, cefanensa ya ragu, mai sayar masa da kaya shi ma ya fasa ƙara yaro. Fanshon kuma daga harajin albashi ake biyansa, sai ɗaukar sabon ma'aikaci ya ƙara tsada. Tun 1891 wani masani ɗan Birtaniya, David Schloss, ya ja kunne kan zaton cewa yawan aiki a ƙasa ƙayyadadde ne.

Sai dai masu maganar kujera ba gaba ɗaya suka yi kuskure ba, a ganina. Inda gurabe suke a ƙidaye, kamar aikin gwamnati ko jami'a, rashin saukar na sama yana toshe na ƙasa. A Italiya ma, da aka ɗaga shekarun ritaya bagatatan a ƙarshen 2011 ana tsakiyar matsin tattalin arziki, bincike ya nuna kamfanonin da dattawansu suka maƙale sun rage ɗaukar matasa na ɗan lokaci. Hujjar tana aiki a ofis guda ko a shekarar ƙunci, ba a ƙasa baki ɗaya ba. Amurka ta soke ritayar dole ga akasarin ma'aikata a 1986, Birtaniya ta bi sahu a 2011.