An yi baiko a Legas: daga ina ake fara shirin biki?

Waɗannan tambayoyi ne da masu shirin aure a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende suke yawan yi da zarar an raba goro da alewar baiko.

An kai kuɗin gaisuwa, iyaye sun amince. Mene ne abu na farko?

Gwajin jini. Da ma kafin baiko ya kamata a yi shi, amma in ba a yi ba, kada a ƙara kwana. Idan saurayi AS ne budurwa ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila a jininsa, kowane ciki da ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A haɗa da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Ku je asibiti tare, kowa ya ga sakamakon ɗan'uwansa da idonsa. Takardar da aka turo ta WhatsApp ba hujja ba ce. Wanda za a ɗaura wa aure a Kano kuma ya sani cewa tun 2024 jihar ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure.

A Legas za a ɗaura ko a gida?

Wannan maganar manya ce, kuma ita ya kamata a fara yankewa, domin duk sauran lissafi a kanta yake rataye. Gidan da ya zauna a Agege tun zamanin fataucin goro ba shi da wani dogon tunani: waliyyi yana nan, liman yana nan, dangi suna nan. Matsalar tana ga wanda neman kuɗi ya kawo shi, iyayensa na Katsina ko Sakkwato, yarinya kuma a nan aka haife ta.

A ƙa'ida inda waliyyin amarya yake can ake ɗaurawa. Ango ba dole ne ya kwaso ƙauyensu duka ba, wakilinsa da dattawa uku ko huɗu sun wadatar. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, motar dare ce mai karya ƙugu, ga kuma masauki da abinci na duk wanda ya zo. Shi ya sa mutane da yawa suke raba abin gida biyu, a ɗaura a wuri ɗaya, a yi walima a ɗayan bayan an tare. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi cikakken biki sau biyu da aljihu ɗaya.

Lefe zan fara haɗawa ko gida zan fara nema?

Gida. A ganina nan ne samari suka fi tafka kuskure: a cika akwatuna da leshi da atamfa daga kasuwar Balogun, saura wata ɗaya biki sannan a fara bin ejan. A Legas mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, sannan ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya, ga kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai dai ba ta shafi Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba. Duk da haka za ka ji mai gida yana cewa shekara biyu. In da hali, je ka ga unguwar ranar da aka yi ruwan sama, ka duba bango ko akwai alamar inda ruwa ke tsayawa.

Da zarar an kama gida, a ba dangin amarya awon ɗakuna kafin su sa a ƙera kayan ɗaki. Ana kawo gado da kujeru tun daga Arewa, ranar jere a ga gadon ya ƙi shiga matattakalar bene, gwaggo tana tsaye tana salati, kafinta yana ƙoƙarin ɓalle allon kai a tsakar gida.

Sadaki fa, nawa ne?

A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, wato zinari giram ɗaya da 'yan kai, don haka kuɗinsa yana hawa da sauka da farashin zinari. A tambayi liman a makon da za a yanke. Sadaki haƙƙin amarya ne. Lefe al'ada ce, kuma ana iya zama a yi maganarsa ba kunya: akwati nawa, ko kuma a ba da kuɗi amarya ta haɗa da kanta.

Wane lokaci ya fi dacewa a sa rana?

A duba azumi da lokacin aikin Hajji tukuna, kada a sa ranar da waliyyi yake Makka. Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, wanda zai kafa rumfa a layi ya yi tunani. Disamba kuwa zauren biki tsada, hanya cunkoso, Asabar ɗin ma Yarbawa sun riga sun kama ta da nasu shagalin. Sai a kama zaure da wuri ko a koma Lahadi. Kada a buga kati, kada a fitar da anko, sai iyayen ɓangare biyu sun tabbatar da ranar da bakinsu.

Dole ne mu je ofishin rajistar aure na gwamnati a Ikoyi?

Ba dole ba ne, auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci halastacce ne a dokar Najeriya. Mutane suna zuwa rajista ne galibi saboda biza ko wurin aiki. Amma a san abin da ake sa wa hannu: ana ba da sanarwa ta kwana 21, a yi auren cikin wata uku, kuma aure ne na mace ɗaya, ba a ƙara wata a kansa. Wanda takarda kawai yake buƙata ya fara tambayar masallacin da zai ɗaura ko suna ba da shaidar aure, sannan ya tambayi ofishin da ya nemi takardar ko za su karɓe ta.