Aya Sofiya

Aya Sofiya katafaren gini ne a birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya. Kusan shekara 1,500 ke nan yana tsaye, ya yi coci, ya yi masallaci, ya yi gidan tarihi. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa Hikima Mai Tsarki.

Tarihi

Sarkin Rumawan Gabas, Justiniyan na Ɗaya, shi ya sa aka gina shi bayan cocin da ke wurin ta ƙone a tarzomar shekarar 532. Magina biyu, Antemiyus da Isidoros, suka jagoranci aikin, aka gama a 537. Ƙubbar farko ba ta da tudu sosai, girgizar ƙasa ta raunana ta, ta rufta a 558. Da aka sake ɗora ta a 562 sai aka ƙara mata tsawo. Faɗinta ya kai mita 31.

Sultan Muhammad al-Fatih, sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ya ci birnin a 1453, ya mayar da cocin masallaci ba tare da ya rushe ta ba. Sai dai ginin bai fuskanci alƙibla daidai ba, saboda haka aka ɗan karkata mihrabin zuwa dama, sahu ma ya bi shi a karkace. Hasumiya huɗu aka yi masa, ba a lokaci guda ba. A ƙarni na 16 Mimar Sinan, babban maginin daular, ya ƙara manyan tokare daga waje don kada nauyin ƙubba ya ture bangaye. Hotunan Kirista na jikin bango kuwa shafe su aka riƙa yi da filasta sannu a hankali, ana jin sai wajen ƙarni na 18 aka rufe yawancinsu. Filastar nan ce ta kare su daga lalacewa.

Tsakanin 1847 da 1849 wasu magina biyu 'yan'uwan juna, masu suna Fossati, suka yi babban gyara. A lokacin aka rataye faya-fayai takwas masu ɗauke da sunan Allah, Annabi Muhammadu (SAW), halifofi huɗu, da Hasan da Husaini.

Zamanin yanzu

Gwamnatin Ataturk, shugaban ƙasar Turkiyya na farko, ta mayar da shi gidan tarihi, aka buɗe a 1935. A Yulin 2020 kotu ta soke wannan hukunci, ya koma masallaci. Girka da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, sun nuna rashin jin daɗi, Turkiyya ta ce sha'anin cikin gidanta ne.