Gina saiti mataki-mataki

A ilimin lissafi, saiti tarin abubuwa ne da aka ɗauka a matsayin abu guda. Mambobinsa kaɗai ke tantance shi: in saiti biyu suka yi tarayya a dukkan mambobi, saiti ɗaya ne. Masanin lissafi Georg Cantor ne ya aza harsashin fannin daga 1874, amma aka daɗe ana gardama kan wane tari ne ya isa a kira shi saiti.

Gottlob Frege, a 1893, ya ɗauka cewa kowace sifa tana da saitin abubuwan da suka siffantu da ita. Wasiƙar da Bertrand Russell ya aika masa a 1902 ta rusa wannan. A ɗauki sifar "ba ya cikin kansa", a kira saitinta R. In R yana cikin R, ya saɓa sharaɗin shiga. In ba ya ciki, ya cika sharaɗin, dole ya shiga. Gaba kura, baya sayaki.

Maganin da ya fi karɓuwa shi ne sai mambobi sun samu kafin saitinsu ya samu. Ernst Zermelo ya hana tarawa daga ko'ina a 1908, ya ce sai dai a ware daga cikin saitin da ke akwai, sannan a 1930 ya fito da tsarin matakai. Matakin farko, V0, babu komai a cikinsa. Kowane mataki na gaba yana ɗauke da duk saitin da za a iya haɗawa daga abin da ke matakin baya. V1 yana da mamba 1 (wato saitin da babu komai a cikinsa), V2 yana da 2, V3 yana da 4, V4 yana da 16, V5 yana da 65,536. Bayan duk matakai masu iyaka, sai a haɗe su wuri ɗaya a ci gaba. A nan babu saitin da ke cikin kansa, don haka R zai zama saitin dukkan saituka, alhali babu matakin da ginin ke ƙarewa, balle a samu matakin da za a haɗa R a cikinsa.

Wannan bayani yana da ƙarfi domin ya faɗi dalilin rashin R, bai tsaya ga hana shi kawai ba. Sai dai "kafin" a nan dogaro yake nufi, ba lokaci ba, kuma ba a daddale ma'anarsa ba. George Boolos, a 1971, ya yi hujja cewa ƙa'idar musanya (wato in aka musanya kowane mamban saiti da wani abu guda, tarin da ya fito shi ma saiti ne), wadda masana lissafi Fraenkel da Skolem suka ƙara a kan ƙa'idojin Zermelo a 1922, ba ta fitowa daga tsarin matakan shi kaɗai.