Hawan allon iska a Tiga: tambayoyin da ake ta yi mini

Ƙanena ya dawo daga karatu a waje da wani dogon allo da tanti a naɗe, ya ɗaura su a saman mota ya ce sai Tiga. Tun ranar da 'yan majalisarmu suka ga kayan nan a ƙofar gida ban huta da tambaya ba. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Wai shin mene ne wannan wasa?

Allo ne mai yawo a kan ruwa, an kafa masa sanda a tsakiya, a jikin sandar akwai tanti. Gindin sandar yana juyawa ta ko'ina, shi ya sa mutum yake tsaye, ya riƙe mariƙin tantin da hannu biyu, iska ta tura shi. Ba inji, ba fetur. Wasu Amurkawa biyu 'yan Kalifoniya, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su suka yi masa rajista a ƙarshen shekarun 1960, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1984.

Ba sai a teku ake yin sa ba?

A'a. Tafkin Garda na arewacin Italiya na cikin wuraren da suka fi suna a wannan wasa, domin iskarsa tana da lokaci: da safe ta taso daga arewa, da rana ta juyo daga kudu. Mu kuma muna da Tiga, madatsar da aka gina a kan kogin Kano zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974. Faɗin ruwanta ya kai wajen murabba'in kilomita 178. Ga kuma Challawa a Ƙaraye. Ruwa dai muna da shi.

Sai dai iskar tafki ba ta da tsayuwa irin ta teku. Tana ratso duwatsu da bishiyoyi kafin ta iso, sai ta zo a yanke: yanzu ta ɗauke, an jima ta fizge ka.

Yaya, in na isa sabon wuri, me zan fara yi?

Ƙanena ne ya yi wannan tambayar, kuma ita ce ta fi kowacce nauyi a wurina. Na ce masa kada ya kwance igiyar kaya sai ya yi rabin sa'a a tsaye a bakin ruwa. Ka debi busasshiyar ciyawa ka watsa sama, ka ga inda ta nufa. In ta faɗa cikin ruwa ta yi gaba, wato iskar daga bayanka take tana turawa tsakiya, to ranar ba ta shiga ba ce. Ita ce iskar da ta fi yaudara, domin a gaɓa ruwan zai kwanta luf kamar faranti, sai ka yi nisa ka tarar da ƙarfinta, kuma duk faɗuwar da ka yi ƙara nesanta ka take daga tudu. Wadda ake so ita ce mai bin gaɓa ta gefe, ko mai ɗan karkatowa tana dawo da kai inda ka fito.

Sannan ka kafa wa ruwan ido. Za ka ga wani wuri ya yi duhu yana ƙanƙance fuska, yana tahowa kamar inuwar gajimare. Iska mai ƙarfi ke nan, tana nuna kanta kafin ta iso. Wanda ya koyi ganinta zai sassauta hannun baya tun da wuri. Wanda bai koya ba sai dai ya ji shi a ruwa.

Bayan haka ka je wurin masunta. Ka yi sallama, ka gaida manya, ka nemi Sarkin Ruwa in yana kusa. Madatsa ƙasa ce da ruwa ya cinye, akwai kututture da duwatsu a ƙarƙashi, kuma da rani, lokacin da ake sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura, ruwan yana ja baya har abin da ke zurfi ya dawo dab da sama. Harshen da ke ƙasan allo in ya daki kututture a guje, ko ya karye ko ya wurgar da kai. Masunta sun san inda kowanne yake. Su ne kuma za su nuna maka inda suka shimfiɗa kalli da mamari. Wannan abincin iyalinsu ne, in ka yaga wa mutum kalli ka neme shi ka biya. Madatsar Tiga tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka a nemi izinin ma'aikatan wurin, a kuma nisanci bangon madatsar da inda ruwa ke fita.

Wane lokaci ya fi a shekara?

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa. Akwai sanyi, kuma hazo kan ɓoye gaɓa, saboda haka ka riƙe wata alama a tudu, kada ka bari ta ɓace maka. Damina ita nake tsoro. Hadarinmu daga gabas yake haɗowa, iska mai ƙarfi ta rigayi ruwan isowa, ga tsawa, kai kuma kana tsakiyar fili da doguwar sanda a hannu. Da ka ga gabas ta yi baƙi, fito.

Dole sai na iya iyo?

Dole. Kuma ko ka iya, ka sa rigar kariya. Ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar na gishiri.

Ruwan kansa ba ya cutarwa?

Akwai tsargiya a ruwan madatsun ƙasar nan. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa mara zurfi mai ciyayi, ta shiga ta fata. Ka zaɓi gaɓa mai yashi, kada ka daɗe a tsaye cikin ciyawa. In daga baya ka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi ya kama ka, ka je asibiti ka faɗa wa likita ka shiga ruwan dam. Tana da magani.

In iska ta ɗauke ko ta fi ƙarfina ina tsakiya fa?

Kada ka rabu da allon. Shi ba ya nutsewa, kuma daga nesa an fi hango shi a kan kan mutum. Ka zauna a kai, ka kwantar da tantin a bayan allon, ka kwanta rub da ciki ka tuƙa da hannu zuwa gaɓar da iska ke kai ka, ko da ba nan ka shiga ba. In ka gaji, ka ɗaga hannu biyu sama kana saukewa. Shi ya sa ba a zuwa a kaɗai. Ranar da ƙanena zai fara shiga, mun yi magana da wani mai kwalekwale tun da safe, muka biya shi ya zauna a shirye da filafilinsa, ni kuma ina tudu idona a kan tantin har ya fito.