Digirin dokta ba zaman ɗaki ana rubutu ba ne kawai

Jama'a, wannan magana ta daɗe a bakin mutanenmu na Garwa da Marwa, wai mai karatun dokta ba ya shiga aji, littafi kawai zai rubuta ya kai wa malami a sa masa hannu. Wallahi ba haka ba ne.

A tsarin LMD (wato digirin farko, masta, sannan dokta) da jami'o'in Kamaru ke bi, karatun dokta shekara 3 ne bayan masta, kuma tun shekarar farko akwai samina da bita kan dabarun bincike, yadda ake tattara bayanai da yadda ake ambaton aikin wani ba tare da sata ba. Sannan ɗalibi zai tsaya gaban malamai da 'yan uwansa ya faɗi inda ya kai, su yi ta jefo masa tambayoyi, wani babin ma a ce ya koma ya sake shi daga tushe, nan ne fa aikin yake gyaruwa. Sassa da yawa kuma sai ka buga maƙala a mujallar ilimi kafin a ba ka ranar da za ka kare aikinka a gaban malamai.

To don Allah in ɗanku yana Ngaundere ya ce yana da samina, ku bar cewa yawo ya tafi, ku taimaka masa da kuɗin mota.