Mece ce NAS, kuma me take yi wa ƙaramin ofis?

A yawancin ƙananan ofisoshin Kano, na lauya ne a titin Zoo ko na ɗan kasuwa a Kantin Kwari, takardun aiki a warwatse suke: wasu a kwamfutar sakatare, wasu a filasha, wasu a WhatsApp ɗin maigida. NAS na'ura ce da ke tattara su wuri guda. Ƙaramar akwati ce mai ramukan zura faifan ajiya biyu ko huɗu. Ana jona ta da rauta ta kebul, sai kowace kwamfuta a ofis ta riƙa ajiya a cikinta tana ɗauka. Waɗanda aka fi gani su ne na Synology da QNAP, duka kamfanonin Taiwan. Mai tsohuwar kwamfuta kuma yana iya ɗora mata manhajar TrueNAS kyauta ta koma NAS, in yana da wanda zai kula da ita.

Kowane ma'aikaci ana buɗe masa suna da kalmar sirri. Akanta ya ga fayil ɗin albashi, sauran ba su gani. Ranar da wani ya bar aiki, sunansa kawai za a rufe. Ga ofis mai mutane ƙalilan wannan ya wadatar. Sai an yi yawa, ana so suna ɗaya ya buɗe kowace kwamfuta, sannan ake maganar tsari irin Active Directory.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne RAID, wato tsarin haɗa faifai su yi aiki tare domin kada a rasa bayanai in ɗaya ya mutu. A RAID 1, abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a na biyu, don haka faifai biyu masu terabait 4 kowanne, terabait 4 kawai za su ba ka, ba 8 ba. RAID 5 na buƙatar aƙalla uku, yana jure mutuwar ɗaya. Amfanin RAID ke nan, bai wuce haka ba. In sakatare ya goge fayil bisa kuskure, ya gogu a duka faifan. In ɓarawo ya ɗauke akwatin, ko gobara ta tashi, an rasa komai lokaci guda. A 2022 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin na'urorin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, tana neman fansa da Bitcoin, kuma RAID bai ceci kowa ba.

Shi ya sa masu sana'ar ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ofis. Wannan na wajen zai iya zama faifan da maigida ke tafiya da shi gida, ko ajiyar intanet in kuɗin data ya bari.

Sai maganar wuta. Ɗaukewarta ana tsakiyar rubutu na lalata bayanai, saboda haka ni dai ba zan ba kowa shawarar sayen NAS ba tare da UPS (batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta) mai jonuwa ta USB ba, domin na'urar ta kashe kanta a tsanake kafin batir ya ƙare. A nema mata wuri mai iska saboda zafin Afrilu, a riƙa share mata ƙurar hunturu. Faifan kuma a sa waɗanda aka yi don aikin dare da rana, irin WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Kafin a biya mai haɗawa, a ce ya goge fayil ɗaya ya dawo da shi daga kwafin a gaban idon maigida.