Nau'in fim: tambayoyin da masu sha'awar harkar fim a Jos ke yawan yi

Me ake nufi da nau'in fim?

Rukuni ne da ake zuba finafinan da suka yi kama da juna ta fuskar labari, wurin da aka ɗauke su, sutura, kiɗa, da abin da ake so mai kallo ya ji a ransa. Dattawan da suka yi kallo a silimar Kwararafa da ke Jos sun san wannan tun kafin a koyar da shi a aji. Da sun ga doki da malafa da bindiga a jikin fosta, sun san kaboyi ne. Indiya kuwa, a shirya wa rawa da waƙa da kuka na kusan awa uku. Nau'in fim alkawari ne tsakanin mai shiryawa da mai kallo.

Wa ke yanke wa fim nau'insa?

Ba mutum ɗaya ba ne. Furodusa na duba abin da zai dawo masa da kuɗinsa, 'yan kasuwa su laƙaba suna, masu kallo su karɓa ko su ƙi. Masu nazari daga baya suke zuwa.

Finafinan Hausa na da nasu rukunan?

Ƙwarai kuwa. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar ta raba kanta gida biyu: santimental, wato soyayya da rikicin gidan aure haɗe da rawa da waƙa, sai camama, barkwancin ƙaramin jari da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya ɗaukaka. Ana raina camama, kuma abin yana damuna. A cikinta ne talaka ke ganin kansa, da yunwarsa, da dabarun zamansa, yana dariya. Ɗaliban makarantar koyon fim ta ƙasa da ke nan Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka kafa a 1979, ya kamata su nazarce ta kamar yadda suke nazarin finafinan Amurka da Faransa.

Fim mai dogon zango nau'i ne?

A'a, tsari ne na yadda ake sakin labari kashi-kashi. Cikinsa akwai na siyasa, na soyayya, na daba.

Fim ɗaya zai iya shiga rukuni biyu?

Yawancinsu ma haka suke. Matsala na zuwa ne in fosta ta ce ban tsoro, mai kallo ya tarar da barkwanci: ba zai sake amincewa da wannan daraktan ba.